Laimar Kawu Bitrus

Duk wanda ya san Kawu Bitrus, tsohon direban jirgin ƙasa, ya san laimar nan tasa. Ba don ruwa yake yawo da ita ba. Mai hoto na ɗaga kyamara, sai ya buɗe ta ya kare fuska. Ku duba hotunan gidanmu: mutane reras, sai laima a tsakiya. Mutumin nan ya ba ni ciwon kai ba kaɗan ba.

Da matarsa, Mama Saratu, ta tafi Jos kula da 'yarsu mai jego, na ja shi shagon waya kusa da tasha. Layi har bakin titi, har da mai faci a ciki, kowa ya baza kunne. Ya karɓi waya ya ce, "Saratu, akuya ta haihu. Citta ta bushe. Sai an jima."

Na ce, "Haba Kawu, duk ka rame, ba za ka ce mata kana kewarta ba?"

"A gaban mai faci?"

Washegari ya hau jirgi, ya je ya faɗa mata, ya dawo.

Ranar bikina na roƙe shi ya bar laimar a gida, ya bari da ƙyar. Ashe mai bidiyo ya zagaya bayan rumfa, ya same shi yana cire wa Mama ƙayar kifi, yana sa mata tsokar a baki. Da aka kunna kaset a falona, matan zumuntar cocinmu suka dinga shewa, wai a mayar baya. Kafin Lahadi har 'yan acaɓa na kiransa Ango.

Ya zo ƙofata, ya ƙi zama. "Rifkatu, tun ba a haife ki ba nake wannan abu, ko 'ya'yana ba su sani ba. Ke kin kai shi kasuwa."

Daga ranar ya daina cire mata ƙaya, wai ko a ɗaki ji yake ana kallonsa. Mama ta daina amsa gaisuwata, wai na bar ta da ƙaya. Ni kuma me na yi? Ni na riƙe kyamarar?

Bayan mun binne shi, na kai mata kaset ɗin don ta riƙa ganinsa. Ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mayar da abinki. Wannan na mutanen gari ne. Nawa ba wanda ya ɗauka."

Ubangiji ya ba ka hutu, Kawu, inda babu mai leƙe. Ya riƙe mana Mama. Amin.