Kalabiyen da ya kusa hana shuka

Asuba ta same mu a tashar Tasawa, ni da sakataren wata ƙungiyar manoma ta wajen Issawane. Shi ya zo ɗaukata in duba masu inji, fuska a yamutse. Sunayen manomansu duka suna cikin ordinatar, wato kwamfuta, kwana huɗu ta ƙi buɗewa, ga motar irin gero na zuwa ranar Alhamis. In babu takardar sunaye, babu iri.

Hanyar Mayahi ta girgiza mana hanji. An share gonaki, kowa idonsa na gabas. A Mayahi muka sha fura, muka sayi isansi, wato fetur, na kwalba da tsadar da ta sa na zagi mai saidawa a zuci. Daga nan sai moto mai ƙafa biyu, rairayi sai ka sauka ka tura, awaki sun fi mutane yawa.

Kafin ni sun kira wani mai diplom a Yamai. Ta waya ya yanke hukunci, wai komi ya goge. Ni da na tsaya a CM2, ajin ƙarshe na firamare, sai an rasa kowa ake tunawa da ni. Na saba.

Na zauna gaban baƙin allon nan da ake shiga rumbun sunaye, wanda in kana buga kalmar sirri ba ka ganin komi. Tsofaffi sun cika taga. Na dubi kalabiyen, wato abin da ke ɗauke da maɓallan rubutu, sabo fil.

Na ce, "Ina tsohon kalabiyen?"

"Shayi ya zube masa, Malam," in ji sakatare. "Wannan daga Jibiya aka kawo, ya fi arha."

Na koma inda harufa ke fitowa. Na danna A, Q ta fito. Na danna ɗaya, wata alama ta fito. Kalabiyen na Najeriya ne, injin kuwa tsarin Faransanci ya sani. Kwana huɗu bawan Allah yana buga kalmarsa daidai, injin na karɓar wata daban.

Layi ɗaya na rubuta na sauya tsarin, ban ko dubi maɓallan ba, don yatsuna sun haddace wuraren harufan Faransanci.

Na ce wa sakatare, "Sake bugawa."

Sunaye suka zubo. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗana, duba min nawa." Yana nan. Ta rangaɗa guɗa.

Washegari da la'asar na iso gida da zabi biyu na tukuici a ɗaure. Ranar Alhamis sakatare ya kira, kowa ya karɓi irinsa.

Abin da na koyo, kar ka ce inji ya mutu sai ka je ka ga abin da hannun mai shi ke taɓawa. Bana mutanen nan za su yi shuka a kan lokaci, kuma ni na san dalili.