Bakin Hajiya Yalwa mai guɗa

Akwai ranar aikin da har gobe ba ta fita a raina ba, ranar da Hajiya Yalwa mai guɗa ta shigo ɗakin haƙori ta so ta juya da gudu. Ku da kuka fara aiki bana, ku saurara.

Ni Binta, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar manya, daga can na wuce koyon aikin lafiya. Saboda haka da furfurata na fara aiki a ƙaramin asibitinmu na wajen Jakara, ina mataimakiya a ɗakin haƙori. Aikina in dafa kayan aiki, in zaunar da mara lafiya, in riƙe fitila. Mai dubawa Malam Nasiru ne, jami'in haƙori. Yana wankin haƙori yana cira, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura babban asibiti.

Hajiya Yalwa 'yar Ƙofar Ruwa ce, duk bikin da ba ta rangaɗa guɗa ba mutanen unguwa ba sa lissafa shi a biki. Ta same ni a baranda, ta ja ni gefe.

"Binta, ɗan magani za ki ba ni. Dasashina ne ya kumbura tun kafin azumi."

Lokacin ana shirin babbar salla. Ta ce ta sa kanumfari, ta kuskure da ruwan gishiri, har wanzami ta kira ya yi mata sakiya. Shi kuwa da ya taɓa ya ji wurin da tauri, ba alamar ruwa, sai ya mayar da askarsa ya ce asibiti za ta. Allah ya yi wa wanzamin nan albarka.

Na ce, "Hajiya, ni ba na ba da magani a baranda. Mu shiga a duba."

Muna ɗaga labule ta hango Malam Nasiru ya ba mu baya yana wanke hannu. Sai ta yi baya kamar ta taka wuta.

"Innalillahi! Mijin Hadiza ne! Yaushe aka dawo da shi nan?"

Ashe surukinta ne, mijin 'yarta. Ko sunansa ba ta faɗa, ko ruwa ba ta sha a gabansa.

"Ni in wangale wa wannan yaro baki? Allah ya kiyaye. Bari a gama bikin jikata, sai in nemi wani asibitin."

Bikin kuwa sai bayan wata uku, kuma amaryar 'yar Malam Nasirun ce.

Yawancin kumburin dasashi datti ne da ya taru a gindin haƙori, ko juna biyu, ana wankewa ya sace. Wanda muke tsoro shi ne wanda ya wuce sati biyu bai sauka ba, ga tauri, ga jini, sau da yawa ma ba ya zafi. Irinsa ba ya jiran biki.

Na ce, "Hajiya, kunya dai a ido take, ko? To idon za mu rufe."

Na zare mayafina na lulluɓe ta tun daga goshi har hanci, baki kawai na bari. Na riƙo hannunta kamar amarya na zaunar da ita, na kife katinta na asibiti a kan tebur don kada ya ga suna.

"Malam, ga wata baiwar Allah."

Ya sa safar hannu ya ce, "Baiwar Allah, a buɗe baki."

Tana buɗewa haƙorin Makka ya haska, ga jan goro da fure ya rine sauran. Haƙorin nan ko yaron goye a Ƙofar Ruwa ya san mai shi. Na ga gwiwar Malam ta lanƙwashe zai durƙusa gaisuwa. Na zare masa ido, wallahi da ya kuskura da na buga masa fitilar. Ya miƙe, ya gyara murya.

Na goge jan goron da auduga. A ƙarƙashi, can gefen turmi, ga wani ƙulli mai fari-fari, haƙorin kusa da shi yana girgiɗi. Malam ya daɗe yana kallo.

"Malama Binta, ki gaya wa baiwar Allah ban ce ciwon daji ba ne, ban kuma ce ba shi ba ne. Sai an ɗebi ɗan naman an gwada a babban asibiti. Gobe, ba jibi ba. Ke za ki rubuta sunanta. Ki tambaye ta, tana da mai kai ta?"

Hajiya ta jawo ni ta yi mini raɗa, irin raɗar mai guɗa da ake ji har baranda:

"Ki ce masa ina da suruki mai mota. In ya ga dama."

"Ki ce mata zai ga dama."

Da safe motarsa na ƙofar gidanta, Hadiza a gaba, Hajiya a baya ta juya fuska ga taga. Gwaji ya nuna dajin ne, amma bai yi nisa ba. Aka yi aiki, aka cire wurin da haƙora biyu. Na Makka ya tsira, shi ta fara tambaya da ta farfaɗo.

Na je bikin. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ta ɗan yi iska ta gefen giɓin, amma har bakin titi an ji. Uban amarya yana waje da abokansa, na ga ya cire hula yana share fuska, wai zafi.

Har yau ba wanda ya tayar da zancen a tsakaninsu. In ya je gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa daga bayan labule.

Don haka in tsohuwa ta ce muku ba za ta buɗe baki ba, kada ku tsaya yi mata wa'azin wayewa, kada kuma ku miƙa mata ƙwaya ta tafi. Ku tambayi wa take jin kunya. Ni dai tun ranar nake ajiye mayafi na biyu a durowar kayan aiki, kuma bai taɓa yin wata guda a ninke ba.