Asusun Stipe

Shekara ashirin da shida Glenys Tuckwell ta yi a tsaye tana feɗe kifi a wata masana'anta da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Port Lincoln. Aikin ya cinye mata ƙugu da kafaɗar dama, har likita ya rubuta cewa ba za ta sake ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi ba. Daga nan aka sa ta cikin masu karɓar tallafin naƙasa, duk mako biyu kuɗi su faɗa asusunta. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙarfi, 'yarta tilo kuma tana Adelaide, sai Kirsimeti take kira. A layinsu an san Glenys da abu biyu: gidanta fes, bakinta kuma ba ya raga wa kowa.

Stipe Marinic ya zo gidan ne a matsayin ɗan haya. Tsohon ma'aikacin jirgin kamun kifi ne, ɗan asalin Kuroshiya, dogo, mai ƙarancin magana, takalminsa ɗaya rani da hunturu. Ya kama ɗakin baya. Shekarar farko yana biyan haya, ta biyu ya koma gyara rufi da yankan ciyawa a madadin kuɗi, ta uku kuwa aka daina maganar haya gaba ɗaya, don ya daina kwana a ɗakin bayan. Ba su yi aure ba, ba su haɗa asusu ba. Ita ke sayen cefane, shi kuma ya ɗauki fatsa ya tafi bakin ruwa ya dawo da kifi biyu ko uku. In ta yi ƙorafin kuɗin wuta sai ya zazzage aljihunsa ya nuna mata, ya ce shi ma lallaɓawa yake.

A shekara ta shida wasiƙa ta zo daga ofishin tallafi. An kai rahoto cewa tana zaune da namiji zaman miji da mata, ba ta kuma sanar ba. Glenys ba ta gama karantawa ba ta fita ta daki shingen maƙwabciyarta Dawn, wadda suka daɗe suna gaba a kan kare. Ta kira ta munafuka, mai leƙen tagar mutane. Dawn ta rantse ba ita ba ce, ta ƙara da cewa duk garin nan ba wanda bai san inda Stipe ke kwana ba, har mai kawo wasiƙu.

Ranar ganawa aka zaunar da ita gaban wani ma'aikaci mai suna Haigh, mai sanƙo, wanda ba ya ɗaga ido daga kwamfuta. Ya tambaye ta wa ke wanki, wa ke girki, ko tare suke zuwa biki da jana'iza, ko gadonsu ɗaya. Ta amsa wasu, wasu ta ce ya je ya tambayi uwarsa in ita za ta amsa irinsu. Bai nuna ya ji ba. Ya turo mata fom, ya ce suna buƙatar takardun bankin Stipe na shekara biyu.

"Shi ba ya karɓar ko sisi a wurinku," in ji ta. "Ni ce mai karɓa. Nawa asusun ga shi nan, ku tona shi har ƙasa. Nasa kuma ina ruwanku?"

"In muka yanke cewa zaman tare kuke, Malama Tuckwell, abin da ya mallaka yana shiga lissafinki. In bai kawo da kansa ba, muna da ikon rubuta wa bankin. Kafin nan za a dakatar da biyanki."

Ta ce ashe haka gwamnati ta koma, ɗaura wa mutane aure ba tare da saninsu ba, sannan ta laluba aljihun ango. Ta fizge fom ɗin ta fita.

A gida ta tarar da Stipe a bayan ɗaki yana ɗinke ragar kama ƙaguwa. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ba zai ba da komai ba. Ya baro ƙasar da hukuma ke buɗe wasiƙun mutane tun yana saurayi, ba zai tsufa ya miƙa wa wani mai sanƙo sirrinsa ba. Glenys ta zage shi son ranta, amma a zuciyarta ta ɗan ji daɗin taurin kan nasa. Ta ɗauka kunyar talauci ce ke damunsa, ba ya son a ga asusun da babu komai a ciki.

Mako bakwai ba a biya ta ba. Ta daina sayen nama, ta rage maganin ciwon baya zuwa ƙwaya ɗaya a rana, ta kashe na'urar ɗumama ɗaki alhali ana tsakiyar sanyin Yuli, lokacin hunturunsu. Stipe yana gani. Abin da ya ƙara shi ne yawan kifin da yake kawowa, har ƙarninsa ya gundure ta.

Da aka sake kiranta, Haigh ya ce banki ya amsa, an kuma yanke hukunci: su biyun ma'aurata ne a idon doka, dukiyar abokin zamanta kuwa ta wuce iyakar da aka sa, don haka ba ta cancanci tallafi ba. Abin da aka biya ta a baya ma za a waiwaye shi. Glenys ta yi dariya har da buga tebur, ta ce sun ɗauko asusun wani Marinic ɗin daban, nata ko safa ba ya iya saye. Haigh ya ce ba shi da izinin faɗa mata adadi, ta je gida ta tambaya.

Ta tambaya kuwa, a tsaye, ko jakarta ba ta ajiye ba. Stipe ya ce dā yana da kaso a lasisin wani jirgin kamun kifi, ya sayar tun kafin ya zo gidanta. Kuɗin suna ajiye bai taɓa su ba, na gidan da zai gina ne a tsibirinsu na Kuroshiya in ya koma.

"In ka koma," ta ce. "Da wa?"

"Ai ke ba kya son doguwar tafiya, Glen."

"Shekara shida ina ciyar da kai da kuɗin karyayyen baya, kai kana tara na gini. Fice mini daga gida, tsohon banza."

Da hannun hagu ta riƙa jido kayansa tana watsowa kan ciyawa, raga da fatsa da akwatin kayan aiki. Dawn ta fito da kofin shayinta ta jingina da shinge tana kallo.

Wata huɗu Glenys ta yi tana cike fom na rabuwa, tana jiran amsar waya, tana faɗa da duk wanda ya ɗauki wayar, kafin aka mayar mata da tallafin, shi ma ana gutsurar wani abu duk biya a bakin abin da ta karɓa a baya. Ba ta taɓa gano wanda ya kai rahoton ba, don haka ta daina gaisawa da layin gaba ɗaya.

Stipe bai koma tsibirin ba. Ya kama wani ɗan ɗaki kusa da tashar jiragen ruwa, yana ta cewa sai baɗi. In sun haɗu a kanti sai ta juya keken zuba sayayyarta ta bi wani ɓangaren. Bayan shekara biyu, wata safiya, aka kira ta daga asibiti: jinin Stipe ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, sunanta kuma ya rubuta a wurin makusanci. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaya ko ita ce matarsa.

Glenys ta ce a'a, tana da takardar gwamnati da ta tabbatar da hakan, in suna so ta aiko musu. Ta ajiye wayar. Ta zauna a kicin har shayinta ya huce, sannan ta tashi ta kwashe shanya, don hadari ya haɗo daga wajen teku. Asibitin tafiyar minti goma ce daga gidanta a mota, kuma ba ta je ba.