Ganyen da Iya Falmata Kaɗai Ta Sani

Ina cikin aji a Gaya ranar Talata ƙanena ya kira ni daga Toranke, ya ce Iya Falmata ta cika bayan sallar asuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin motar Ajingi da zan hau zuwa gida ta cika fasinja, har an kai ta makwancinta.

Ƙanwar kakata ce, kuma ita kaɗai ta rage a danginmu da ta san ganyen daji. Akwai wani ɗan tsiro mai ɗaci-ɗaci da yaji da take tsinkowa a kurmin bakin rafi, ta yi wa marar lafiyar da bakinsa ya ƙi abinci kwaɗo da shi. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Ni kaɗai ta taɓa ɗauka zuwa wurin, ni kuma ban gama koyo ba.

Ta nuna mini ganyensa a rarrabe ƙanana-ƙanana, furensa fari mai kunne huɗu, da 'ya'yansa sirara kamar allura. Ta gargaɗe ni cewa akwai wani mai kama da shi da ke murɗa ciki. Na zaro waya zan ɗauki hoto, sai ta yi dariya ta ce, “Malam na boko, fara duba ƙasar. Idan ba ta sanyaya maka tafin ƙafa ba, ba shi ba ne.” Sunansa da Barbarci take faɗa, yadda ta ji a bakin mahaifiyarta. Sau biyu ta faɗa mini, na ce zan rubuta in mun dawo. Damina uku ke nan ina cewa sai an yi hutun makaranta zan koma wurinta.

Bayan sadakar uku na tafi kurmin ni kaɗai. Na sami tsiro iri biyu masu kama da juna a gindin wata kanya, na kawo su gidan makoki, na nuna wa tsofaffin matan da ke zaune. Suka yi ta juya su a hannu. Daga ƙarshe ɗaya ta miƙo mini ta ce, “Ɗana, ai wadda za ka tambaya ita muke wa zama.” Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sanyaya mata kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashi, mu kuma Ya yafe mana sakacinmu. Amin.