Ƙunar Guga a Wuyan Kwat

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini. Amma ranar da na ɗauki amanar mutane na miƙa wa ɓarawo da hannu biyu, har ina raka shi bakin titi ina godiya, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Zamanin kuɗin mai ne a Libreville, lokacin da garin ya haukace gaba ɗaya. Ko ina gini, ko ina sabuwar mota, kowa ya wayi gari babban mutum. Wanda ka sani jiya yana tura baro a kasuwar Mont-Bouët, yau sai ka gan shi riƙe da jakar fata, ba komai a cikinta sai burodi da jaridar da bai iya karantawa ba. Maza na ɗaure wuya da laktaye cikin zafin da ke narkar da kwalta, gumi na bin ƙeya, wai wayewa ce. Gaisuwa ma ta canza, ƙato da gemu ya rungume ƙato yana goga masa kumatu yana cewa "mon sher". Mu mutanen Kano da Maraɗi mukan tsine wa abin a ƙofar masallaci, sannan mu bi ta gaban kanti muna satar kallon takalman da muka gama zagi.

Ni a lokacin ƙaramin kanti gare ni a unguwar Nkembo, sukari da sabulu da gwangwanin kifi. Ba ni da arziki, amma ina da abin da ya fi shi, wato an yarda da ni. 'Yan uwanmu baƙi su biyar su shida suke cunkushe a ɗaki guda, rufi na yoyo, ƙofa ba makulli, don haka al'adarmu ita ce kowa ya kai fasfonsa wurin wanda aka amince da shi. Ni wurin ajiyata wani akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin buhun shinkafa, kuma fasfo ashirin da wani abu ne a ciki. A garin da ake tare mutum a titi a ce ya fito da takarda, wannan akwati rayukan mutane ne.

Sai ga mutumina ya ɓullo. Kwat mai ruwan toka, takalmi na sheƙi, turarensa kan riga shi shiga kanti. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, sai dai yakan yayyafa mata Faransanci kamar yadda ake barbaɗa yaji a tsire. Ya ce yana aiki da wani kamfanin mai. Bai roƙe ni komai ba, kuma a nan gwanintarsa take. Hankici ya saya ya bar mini canji. Ya dawo ya sha shayi ya yaba hankalina. Zuwa na uku ya ce abin kunya ne a riƙa kiran mutum irina mai kanti, ya ajiye mini wani ɗan kwali cike da katuna masu sunana, ƙarƙashin sunan an buga cewa ni babban darakta ne. Daraktan me, ban tambaya ba. Ma'aikatana a lokacin ni ne da wata kyanwa mai kama ɓeraye, amma na raba katin nan har wa mai sayar mini da gawayi.

Ya kai ni cin abincin rana a wani gidan abincin manya a unguwar Louis, inda aka jera mini cokula da wuƙaƙe kamar za a yi wa wani tiyata. Aka kawo ɗanyen ganye a faranti, na ci ina murmushi. Aka kawo nama da jininsa, na yi bisimilla a zuci na haɗiye. Ya koya mini yadda ake shimfiɗa ƙyalle a cinya, da yadda ake kiran mai kawo abinci da yatsa ba tare da an dube shi ba, da yadda manya ke dariya ba su buɗe baki. Na dawo Nkembo da yunwa, na jiƙa gari na sha a bayan kanti, amma kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan.

A wurin cin abincin ne ya kawo maganar. Ya ce zuciyarsa na ƙuna idan ya ga 'yan uwa Musulmi suna wuni a layi cikin rana don neman katin zama, wanda a can muke kira kart sejur. Yana da aboki a ofishin. In ba shi fasfunan ran Litinin, ran Juma'a kowa ya karɓi katinsa, kuma ko sisi ba ya so, don Allah zai yi. Da ya nemi kuɗi da na yi tunani. Da ya ce kyauta ne, sai na ga ai waliyyi ne Allah ya aiko mana cikin kwat. Na sanar a masallaci, mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina karɓa kamar ni na haƙo man.

Mutum ɗaya ne bai sa albarka ba. Wani dattijo ne daga wajen Maraɗi, muna ce masa Baba mai guga, don guga yake yi a wani gidan wanki a unguwar Glass. Shekararsa goma sha huɗu a garin, kuma fasfonsa na cikin akwatina. Ya bar 'yarsa tana ƙaramar yarinya, yanzu har ta haihu, ya kuma ƙudura bayan Babbar Sallah zai tafi ya ga jikan da idonsa. Ana cikin haka sai ya iske mutumina yana fita daga kantina, ya bi shi da kallo har ya shiga tasi. Ya jira masu saye suka watse, sannan ya matso ya rage murya.

"Ɗana, wagga kwat ni na goge ta ran Talata. Ta wani likita ce Bature da ya tafi hutu."

Ya bayyana mini cewa mai gidan wankin kan ba da hayar kayan mutane kwana ɗaya ko biyu kafin masu su zo karɓa, kuma rabin manyan mutanen da nake gani a Louis da kayan wasu suke yawo. Na yi dariya irin wadda aka koya mini, baki rufe. Na tambaye shi ko kwat ɗaya tak aka ɗinka a duniya.

"Ka ɗaga wuyanta ta baya," in ji shi. "Akwai ƙuna kamar babban yatsa. Ni na ƙona ta, har fatron, mai gidan, ya zage ni. In kuma ba ka iyawa, to ka cire nawa fasfo ka aje mini."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi hassada ce irin ta talaka, mutum ya shekara yana shaƙar hayaƙin gawayi dole ya tsani mai ƙamshi.

Ran Litinin da hantsi ya zo. Na janye buhun shinkafa na fito da akwatin. Fasfon Baba na sama, ɗaure da zaren buhu, na gan shi sarai. Na ɗauke shi, na juya shi a hannu, sai na mayar. Lissafina shi ne ran Juma'a in miƙa masa katinsa a gaban jama'a, in ga yadda kunya za ta kama shi. Mutumina ya sunkuya zai ɗauki akwatin, wuyan kwat ɗin ya zo daidai hancina, har ina ganin zaren ɗinkin. Yatsa ɗaya zan sa. Amma ina, darakta guda ya kama ɗaga wa babban baƙo wuyan riga kamar mai neman ƙwarƙwata? Me zai ɗauke ni, baƙauye? Na naɗe hannuwana a baya kamar yadda na ga manya na yi, na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da tasi da kaina.

Juma'a ta zo ta wuce. Ran Asabar na ce ai manya ba su cika saurin talaka ba. Ran Litinin na ɗauki adireshin ofis da mutumina ya ba ni na tafi Glass, na tarar da shagon aski, mai askin kuma ya ce ni ne na huɗu da ya zo neman wannan ofis a watan. Ƙafafuna suka kai ni gidan wankin ba tare da na aike su ba. Ga kwat ɗin can rataye cikin leda tana jiran mai ita. Baba ya hango ni. Ya ajiye dutsen guga, ya zare ledar, ya ɗaga wuyan da yatsa ɗaya. Ƙunar na nan, launin shayi.

"Nawa dai yana wurinka ko?" ya tambaya.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na gaya masa gaskiya ina kallon ƙafafuna. Ya juya ya ci gaba da gugarsa, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya muka ji cewa fasfunan sayar da su ake yi, a cire hoto a liƙa wani. Sauran mutanen sun yi mini abin da ya dace da ni, wasu har yau ba sa amsa sallamata, amma matasa ne, sun yi ta fafutuka har suka sami wasu takardun. Baba ne bai samu lokaci ba. Wata bai cika ba aka tare tasin da yake ciki a titin bakin teku, aka ce kowa ya fito da takarda. Aka tsare shi tare da wasu da za a loda a jirgin ruwa, kuma tunda ba shi da abin da zai nuna daga ina yake, ba wanda ya san a gaɓar wace ƙasa za a sauke shi.

Na je na same shi ta bayan waya, na kai masa abinci da 'yar jakar da ya tara wa jikansa riguna. Ba a bari jakar ta shiga ba. Ya rame cikin kwana uku. Da ya hango ni sai ya ɗan yi murmushi.

"Darakta, ka zo?" in ji shi. "Yatsa guda fa na roƙe ka, ɗana."

Shi ke nan abin da ya faɗa, kuma shi ne ganina da shi na ƙarshe. Na yi shekaru ina tambayar direbobin Nijar ko wani ya ji labarin dattijon ya isa gida, ban taɓa samun wanda ya ce eh ba. Rigunan jikan na aika da su, ban san ko sun sami mai sa su ba.

Katunan nan na ƙone su duka sai guda ɗaya, yana cikin aljihuna har gobe, nakan duba shi duk ranar da wani ya fara yabona fiye da kima. Abin da na koya shi ne, kunyar da za ta hana ka bincika abin da aka ba ka amana ba tarbiyya ba ce, girman kai ne ya sa riga mai kyau. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo mini da ƙamshi da daɗin baki, ba na tambayar manya ko wane ne shi. Mai wanke masa kaya nake nema, kuma in ya yi magana ina rufe bakina in saurara.