Ni ba gudu zan yi ba

A duk shekarun da na yi a ofishin dillancin inshora a Bukit Bintang, can ƙasar waje, ranar da har gobe ban manta da ita ba ita ce ranar da Malam Sabo ya kira ni da takardar lauya a hannunsa. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu ku saurara da kyau, domin laifin nawa ne.

Malam Sabo Bakano ne, mai kafa na'urar sanyaya ɗaki. Yana da ɗan shago a Danau Kota, amma rajistar da sunan matarsa take, Kak Aini, wadda 'yar ƙasar ce. Shekara huɗu ni nake sabunta masa inshorar alhakin aiki, wato wadda ke biya idan aikin hannunsa ya jawo wa wani ɓarna. Da aka yi kullen korona a 2020, masu gadin benaye suka daina barin baƙo ya shiga, aiki ya tsaya cak. Wajen ƙarshen shekara ya rufe shagon, ya kira ni in soke inshorar.

Ga abin da na waje bai sani ba. Irin takardar da ke hannunsa ba ruwanta da ranar da aka yi aiki, ranar da ƙara ta iso take dubawa. Kai ka rufe shago, amma ƙarafan da ka kafe a bangon mutane suna nan a rataye. Shi ya sa akwai wata ƙaramar inshora da ake ci gaba da riƙewa bayan rufewa. A ofis da Turanci muke kiranta, run-off.

Ranar daga gida nake aiki, fayilolin masu sokewa sun taru mini. Na ce, "Malam Sabo, kafin mu soke, shawarata ka yi run-off."

Ya ce, "In yi me?"

"Run-off. Duk mai rufe shago ita muke ce masa ya yi."

"Auwalu, ni kake ce wa in gudu? Shekara goma sha ɗaya a garin nan ban cuci kowa ba. Har kai ma kallon ɗan damfara kake mini, yadda 'yan ƙasar nan suke mana? Tak boleh, ba zai yiwu ba! Ni ba gudu zan yi ba. Turo takardar in sa hannu."

Na gane sarai bai fahimce ni ba, ya ɗauki kalmar da ma'anar gudu. Amma na gaji, ga wani kiran na jira. Na ce a raina gobe na kira shi in ya huce. Na tura masa takardar da ke cewa an yi masa tayi ya ƙi, ya sa hannu ya maido. Goben nan ba ta zo ba.

Bayan wata bakwai, ana cikin wani kullen a 2021, ƙarfen da ke riƙe da wata na'ura da ya kafa a hawa na tara ya saki. Na'urar ta faɗo kan rumfar wani mamak, irin gidajen abincin nan na bakin titi, ta karya kafaɗar mai ƙulla wa mutane abinci. Takardar lauya ta zo da sunan Kak Aini. Ba ta da abin da kotu za ta taɓa sai gidan da ta gada a wajen mahaifinta, wanda suke ciki da 'ya'yansu.

Shi ne ya kira ni. "Auwalu, duba mini don Allah. Ai lokacin da na yi aikin inshorar tana da rai."

Na ce, "Ba haka take aiki ba, Malam." Ina jin kukan matarsa ta cikin wayar.

Washegari muka yi taro ta bidiyo da manajar sashenmu, Puan Rohana, mace mai bin ƙa'ida sau da ƙafa.

Ta ce, "An yi masa tayi?"

"An yi."

"Ya sa hannu ya ƙi?"

"Ya sa."

"To, fayil ya rufu ke nan. Na gaba."

In na yi shiru, ofis ya fita fes, gidan Kak Aini ya tafi. In na yi magana, laifi ya koma kan dillali, inshorar ofishinmu ce za ta ɗauka. Ga shi saura wata biyu a sabunta mini izinin aiki, kuma ofishin ne ke tsaya mini. Wallahi na ji tsoro.

Na ce, "Puan, ya sa hannu, amma bai fahimta ba. Kuma na san bai fahimta ba."

Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. "Ka san abin da kake jawo wa kanka?"

"Na sani."

"To, rubuta shi, ka sa hannu."

Na rubuta har da maganar gudun, kalma bayan kalma. Wata huɗu ana kai-komo, ba na iya cin abincin kirki, kafin masu inshorar ofishinmu suka yi sulhu da wanda ya ji rauni. Gidan ya tsira. Ni kuwa na sami takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya bi ruwa, izinin aikin ma da ƙyar aka sabunta.

Abin da na koya shi ne shago yana rufewa, aikin hannu ba ya rufewa. Tun daga ranar ban sake karɓar sa hannun kowa ba sai ya maimaita mini da bakinsa abin da ya ƙi. Bahaushe kuwa ba na yi masa Turancin nan, cewa nake inshorar abin da ka bari a bangon mutane.

Da aka sassauta kulle na haɗu da Malam Sabo a kasuwar Chow Kit. Kunya ta sa na so in kauce, ya riƙo hannun rigata. Ya sauke takunkumin fuskarsa ya ce, "Ashe run-off ɗin naku tsayawa ce, ba gudu ba."

Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Bari, Auwalu. Ni ban gudu ba, kai ma ba ka gudu ba. Zo mu je makan, mu ci abinci."