Sai da Inna ta ga tsakuwar da idonta

Salamu alaikum. Masu cewa na yi aure na ɓuya, da masu cewa na tafi Kudu ci-rani, ku huta haka. Jinya na yi.

Abin ya faro ne da ciwo a ƙasan haƙarƙarina na dama, musamman in na ci mai maiƙo. Na ce olsa ce. Na sha jiƙo, na sha maganin kyamis, wanzami ya kafa mini ƙaho. Shiru kake ji.

Ranar kasuwar Tudun Wada ciwon ya kayar da ni a rumfar takina, ina amai. Aka kai ni Kano, aka yi hoton ciki. Likita ta ce tsakuwa ce a matsarmama, sai an cire, in ta fashe rai ne.

Kuɗin aiki ba wasa ba, sai da na sayar da bijimina. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Inna, mahaifiyata, ta ce ba ta yarda ba. Babanmu aiki aka yi masa, aka farke cikinsa, bai tashi ba.

"Wuƙa ba za ta ci mini mutum biyu ba," in ji ta.

Ni kuwa ko da furfura a gemuna, ba na kwanciya a gadon tiyata ba da yardar uwata ba. Na dawo gida ciwo yana cina. Wallahi na ji tsoro, har wasiyya na bar wa matata.

Da za a sake hoton, na lallaɓa Inna ta raka ni. Likita ta ce, "Mama, shigo ki gani." Aka shafa mini wani abu mai sanyi, aka ɗora na'ura. Ga tsakuwoyin nan a allo, in na juya su gangara.

Inna, wadda ta tsufa tana gyaran shinkafa, ta ƙura ido. Can ta ce, "Tsakuwa kam ba ta jiƙuwa, sai dai a tsince. To ta ina za ku tsince?"

Likita ta ce ba farkewa za a yi ba. 'Yan huji ne kamar bakin kwalba, a zura kyamara, a ciro matsarmamar.

Inna ta dafa kaina. "Je ka, Sani. Na yarda."

Da na farfaɗo, ita ce a kaina, ta ɗaga rigata tana neman ɗinki. 'Yan filasta kawai ta tarar. Ta zauna ta yi ta kuka.

Alhamdulillahi, na koma rumfa. Likita da ma'aikatan jinya, da duk wanda ya yi addu'a ko ya zo dubiya, Allah ya saka da alheri.

Ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a je a yi hoto. Kuma don Allah kada ku bar iyayenku a benci a waje, ku shigar da su su gani. Da na bar Inna a waje, da yanzu ta'aziyyata kuke rubutawa a nan.